Zaɓen Regiletar Naitirojin da Aiki da Ita Wajen Gwajin Yoyo a Na'urorin Sanyaya

Silindar naitirojin da aka cika takan ɗauki matsin da ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), wata 230, wata ma har 300, alhali galibin na'urorin sanyaya ɗaki da ake kafawa a gidaje da ofisoshi ba a ƙera su don ɗaukar abin da ya wuce bar 42 ko makamancin haka ba, kuma kaurin jikin ƙananan bututunsu na jan ƙarfe bai cika milimita ɗaya ba. Abin da ke tsaye tsakanin waccan silinda da wannan bututu shi ne regileta, wato madaidaicin matsin da ake ɗaurawa a bakin silinda. Duk da haka na lura cewa masu gyaran firji da na'urorin sanyaya ɗaki sukan daɗe suna shawara kafin su sayi famfon zuƙe iska ko geji na zamani, wato agogon auna matsi, amma idan aka zo kan regileta sai a ɗauki duk wadda ta hau bakin silinda. A ganina wannan sakaci ne, domin regiletar da ba ta dace ba ko dai ta hana gwaji kaiwa inda ya kamata, ko ta lalata abin da aka zo gyarawa, ta kuma jikkata mai gyaran.

Dalilin da ya sa aka tsaya a kan naitirojin sananne ne, amma shi ne ke fito da haɗarin sauran hanyoyin a fili. Naitirojin ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ba ta kama wuta, ba ta rura wuta, kuma wadda kamfanonin gas ke cikawa a silinda busasshiya ce. Oksijin kuwa, wadda silindarta ke kusa da hannun duk mai walda, idan ta haɗu da man kwamfuresa a ƙarƙashin matsi tana iya tashi da wuta ba tare da ko tartsatsi ba, kuma irin wannan fashewa ta sha halaka mutane. Iskar da ake matsowa daga injin busa taya tana ɗauke da danshi, shi kuma man kwamfuresa irin POE da ake haɗawa da gas ɗin sanyaya R410A yana tsotsar danshi da sauri, ya rikiɗe ya fitar da asid mai cin rufin wayoyin motar kwamfuresa. Ga shi kuma iskar da ke da oksijin idan ta gauraya da ragowar gas ɗin sanyaya a babban matsi, cakuɗar tana iya kamawa da wuta.

Akwai masu ɗura gas ɗin sanyaya shi kansa su zuba wa geji ido, su ga ko allura za ta sauka. Wannan asarar kuɗi ce, kuma ya saɓa wa manufar yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016, tun da kilo ɗaya na R410A idan ya tsere sama yana ɗumama duniya kamar kilo 2,088 na iskar kabon-dayokzaid. Ko an ajiye wannan a gefe ma, hanyar ba ta aiki yadda ake zato. Muddin akwai sauran gas mai ruwa-ruwa a cikin bututu, zafin wurin ne ke yanke matsin, ba yawan gas ɗin ba: duk abin da ya zurare ta wurin yoyo sai ruwan ya ƙafe ya maye gurbinsa, allura kuma ta tsaya cik har sai ruwan ya ƙare. Naitirojin ba ta komawa ruwa a irin zafin da ake aiki a ciki, saboda haka duk abin da ya fita geji zai nuna, kuma ana iya kai ta matsin da gas ɗin sanyaya ba zai taɓa kaiwa ba idan na'ura tana kashe.

Abin da ke cikin regileta ba shi da yawa. Akwai ƙaramin bawul da ke zaune a kan mazauninsa yana tare iskar silinda, akwai faifai mai lanƙwasuwa ko fistin, akwai sifirin mai ƙarfi a bayansa, sannan mariƙin da ake murɗawa daga waje. Idan aka murɗa mariƙi dama, yana danna sifirin, sifirin ya tura faifai, faifai ya buɗe bawul, iska ta shigo ɓangaren fita tana ture faifan baya, har ƙarfin biyu su yi daidai bawul ya koma ya rufe. Ke nan mariƙin regileta akasin kan famfon ruwa yake, domin ɗaure shi buɗewa ne, kwance shi kuma rufewa, kuma nan ne masu koyon sana'a suka fi ruɗewa. Geji na farko yana nuna abin da ya rage a silinda, na biyu yana nuna abin da ake turawa cikin tiyo.

Zaɓen regileta ba daga kantin kaya yake farawa ba, daga allon bayanan da ke manne a jikin na'ura yake farawa, inda kamfani ya rubuta iyakar matsin da aka yarda ta ɗauka. Bambancin da ke tsakanin na'urori a wannan fanni yana da girma ƙwarai. A zafin digiri 40, geji zai nuna kimanin bar 4 a kan R600a da ake sa wa firjin gida na yanzu, kimanin bar 9 a kan R134a, kimanin 14 a kan R22, amma R410A yana kusan 23, R32 kuma ya ɗan ɗara shi. Shi ya sa na'urori masu yawa da ke aiki da R410A ko R32 suke ɗauke da lambar 4.15 MPa, wato bar 41.5, kimanin psi 600 (MPa da psi su ma ma'aunan matsi ne). Manyan injinan sanyaya na kantuna da ke aiki da kabon-dayokzaid, wanda ake kira R744, sukan wuce bar 100 a ɓangaren babban matsi, kuma waɗannan suna buƙatar regileta da tiyo na musamman waɗanda ba su cikin kayan mai gyara na yau da kullum.

Regiletocin da ake sayar wa wannan sana'a kuwa akan same su masu kaiwa psi 400, wato kimanin bar 28, da masu kaiwa psi 500, da masu kaiwa psi 800, kimanin bar 55. Mai psi 400 ta wadatar a zamanin R22, kuma har yanzu da yawa suna riƙe da ita suna gwada sababbin na'urori, su murɗa ta har ƙarshe, su samu bar 25 ko 27, su ce an gama. Matsalar ita ce, idan rana ta take kuma kwandensa, wato sashen da ke fitar da zafi waje, ta yi ƙura, R410A yana iya hawa bar 33 ko fiye, kuma a na'urar da ake juyawa ta ɗumama ɗaki lokacin sanyi, bututun da ya saba ɗaukar ƙaramin matsi shi ne zai ɗauki babban. Fileya, wato haɗin bakin bututu da ake buɗawa a ɗaure da noti, idan aka ɗaure ta ba daidai ba tana iya riƙe bar 25 kwana guda ba tare da ta nuna komai ba, sannan ta fara tsiyaya a bar 35. Gwajin da bai kai matsin da na'ura za ta gani a rayuwarta ba, bai tabbatar da komai ba sai cewa babu babban rami. Saboda haka wanda ke kafa na'urorin R410A da R32 yana buƙatar regiletar da za ta kai bar 42 ba tare da an ƙure ta ba, kuma mai psi 800 ce ta cika wannan sharaɗi.

Sai dai wannan regiletar mai ƙarfi ita ce kuma mafi haɗari a kan ƙaramin firji. Farantin alminiyon da ke sanyaya cikin firjin gida faifai biyu ne da aka manne aka hura hanyar gas a tsakaninsu, kuma matsin da bututun na'urar sanyaya ɗaki ke ɗauka cikin sauƙi yana iya kumbura shi ko ya raba shi. A geji mai kaiwa bar 55 ko fiye, tazarar da ke tsakanin bar 8 da bar 12 'yar kaɗan ce, kuma ɗan murɗi guda ya isa a tsallake ta. Geji mai allura ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar zangonsa, ba a gindinsa ko ƙarshensa ba. Ni ina ganin wanda ke haɗa aikin firji da na manyan na'urori ya fi masa ya mallaki regileta biyu, ƙarama da babba, domin kuɗin ta biyun bai kai kuɗin faranti guda da aka fasa tare da zubewar mutunci a idon mai kaya ba. Wani abin lura kuma shi ne, allon na'ura sau da yawa yana ɗauke da lambobi biyu, ɗaya ta ɓangaren babban matsi, ɗaya ta ƙarami. Idan ba a raba ɓangarorin da bawul ba, ƙaramar lambar ce iyaka, domin iska za ta bi ta siririn bututu ko bawul ɗin faɗaɗawa, waɗanda ke haɗa ɓangarorin biyu, ta cika ko'ina, har da tukunyar kwamfuresa.

Batun bakin silinda gajere ne amma ba a wasa da shi. Kowace ƙasa tana da tsarin haƙoran da take bi: a Amurka naitirojin da argon da hiliyom suna amfani da CGA 580, oksijin kuma CGA 540, a Jamus kuwa naitirojin tana da lamba 10 a tsarin DIN 477. An bambanta su ne da gangan don kada wata iska ta shiga inda ba nata ba, saboda haka a fara duba silindar da za a riƙa samu kafin a sayi regileta, kuma a guji jera adafta a kan adafta a ɓangaren da ke ɗauke da bar 200. Regiletar argon ta masu walda a wasu ƙasashe tana iya hawa bakin silindar naitirojin, amma an yi ta ne don sakin iska a hankali a matsi kaɗan, ba za ta kai ko kusa da abin da gwaji ke buƙata ba. Regiletar oksijin kuwa kada a are ta ko sau ɗaya, domin idan ƙurar mai ta dawo cikinta daga na'ura, ranar da aka mayar da ita kan silindar oksijin an ɗana tarko ke nan.

Ana yawan muhawara a kan regileta mai mataki ɗaya da mai mataki biyu. Mai mataki ɗaya tana da wata ɗabi'a, wato yayin da silinda ke raguwa matsin da take fitarwa yana ɗan hawa, don haka mai aiki na dogon lokaci sai ya riƙa gyara mariƙi. Mai mataki biyu tana fara sauke matsin zuwa tsaka-tsaki kafin ta daidaita shi, shi ya sa ba ta motsi. Wannan yana da amfani a ɗakin gwaje-gwaje, amma wajen neman yoyo ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba, domin cika na'ura aikin 'yan mintoci ne, daga nan kuma rufe regileta za a yi. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne jikin tagulla mai kauri, da rigar roba a kan geji saboda faɗuwa, da bawul ɗin rufewa a bakin fita, da kuma bawul ɗin sakin matsi. A kan wannan na ƙarshe akwai abin da mutane ba su cika sani ba: wanda ke jikin regileta an sa shi ne don ya kare regiletar da gejinta, kuma yana iya buɗewa a matsin da ya riga ya fi ƙarfin na'ura. Wanda ke son kare na'urar sai ya sa wani daban a kan layi, wanda aka saita shi sama kaɗan da matsin gwaji. Haka kuma a karanta abin da aka rubuta a jikin tiyo. Masu kyau sukan ɗauki psi 800 a aiki, amma tsofaffin tiyo na zamanin R22 da shuɗin gejinsu na ƙaramin matsi ba a yi su don bar 40 ba, kuma gejin da aka ƙure sau ɗaya ba ya sake faɗin daidai.

Akwai aiki na biyu da naitirojin ke yi wanda ya shafi zaɓe, wato ratsa bututu lokacin walda. Jan ƙarfe idan ya yi ja a gaban oksijin yana yin baƙin ɓawo a ciki, wanda daga baya ke ɓallewa ya toshe siririn bututu ko matata ko bawul ɗin faɗaɗawa. Don hana wannan ana sakin naitirojin kaɗan, kimanin lita ɗaya zuwa biyu da rabi a minti, tana shiga ta wani baki tana fita ta wani. Regiletar babban matsi ba ta iya riƙe irin wannan ɗan numfashi, kuma idan iska ta yi yawa tana hura narkakken ƙarfen walda ta bar ƙananan ramuka, ka ga an haifar da yoyon da ake gudu. Maganin shi ne ma'aunin gudu mai ƙwallo a cikin gilashi, ko regileta mai zango na musamman don walda. Amma ma'aunin mai gilashi yana da iyakar matsin da yake ɗauka, galibi ƙasa sosai da na gwaji, saboda haka tilas a cire shi daga layi kafin a fara gwajin yoyo.

Idan an zo aiki, silinda ta tsaya a tsaye a ɗaure, domin idan ta faɗi bawul ya karye tana iya tashi da ƙarfin da ke fasa bango. A ɗan buɗe bawul ɗinta a rufe nan take, bakin yana kallon inda babu kowa, don a kore ƙura. A ɗaura regileta da sifana daidai girman noti, ba tare da mai ko giris ko farin tef ba, tun da ba haƙoran noti ne ke tare iska ba, mazaunin bakin ne. Sannan a tabbatar an kwance mariƙi har ya saki gaba ɗaya, a tsaya a gefe ba a gaban gilashin geji ba, a buɗe silinda a hankali har allurar farko ta gama hawa. Buɗewa da gaggawa yana sa bar 200 ta daki mazaunin bawul lokaci guda, iskar da ke ciki ta matse ta yi zafi, kuma idan mariƙin yana ɗaure, wannan bugu yana wucewa kai tsaye zuwa faifai da na'ura.

Ba a hawa matsin gwaji da tsalle ɗaya. Littattafan kafa na'urori na Mitsubishi Electric, alal misali, sun ce a kai bar 5 a dakata minti biyar, a kai bar 15 a sake dakatawa minti biyar, sannan a kai bar 41.5 a rubuta zafin wurin a bar shi kimanin kwana guda. Hikimar a bayyane take. Notin da aka manta ba a ɗaure ba zai yi ƙara tun a bar 5, lokacin da gyara shi ba shi da haɗari kuma ba a ɓarnatar da iska ba, haɗin da zai ɓalle kuwa gara ya ɓalle a bar 15. Kafin a fara kuma a tambayi kai ko iskar za ta isa duk inda ake son gwadawa, domin bawul mai aiki da lantarki da ke rufe idan babu wuta, da bawul ɗin faɗaɗawa na lantarki, da bawul mai barin iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai, duk suna iya killace wani yanki ya zauna babu matsi alhali geji yana nuna komai lafiya. A sabuwar na'ura mai gida biyu kuwa, bawul ɗin sabis na injin waje suna zama a rufe, tun da gas ɗin da kamfani ya ɗura yana bayansu, bututu da injin ciki kawai ake gwadawa.

A nan ne ake yin kuskuren da na fi ganin yana ɓata gwaji, wato barin silinda a buɗe da regileta a haɗe bayan an kai matsin da ake so. Aikin regileta shi ne ta riƙe matsi, don haka duk abin da ya zurare ta wurin yoyo za ta cike shi, allura ta kwana inda aka bar ta, mai gyara ya dawo da safe ya yi murna. Ko an kwance mariƙi ma ba a tsira ba, domin idan mazaunin bawul ɗinta ya ci ko ƙura ta maƙale a kansa, iska za ta riƙa rarrafowa kaɗan-kaɗan, ko dai ta ɓoye yoyo, ko ta ci gaba da hawa cikin dare har ta wuce ƙarfin na'ura. Regileta kai matsi take yi, ba ita ke yanke hukunci ba. Da zarar an kai, a rufe silinda, a rufe bawul ɗin da ke kusa da na'ura, a saki abin da ke cikin tiyo, a cire regileta daga lissafi gaba ɗaya. Abin da zai rage a haɗe shi ne geji ɗaya mai kyau, kusa da bakin sabis gwargwadon iko, domin kowane tiyo da kowane haɗi wurin yoyo ne da ba na na'urar ba. Gejin lantarki da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na bar yana gano a minti talatin abin da mai allura zai kwana bai nuna ba. Ya kamata kuma a ba iskar ɗan lokaci ta huce kafin a rubuta lambar farko, saboda tana ɗumama yayin da ake cusa ta, kuma saukar da ake gani a mintocin farko sau da yawa hucewa ce kawai.

Zafi shi ne abu na gaba da ke yaudarar mutane, ta fuska biyu. Iskar da aka kulle a wuri ɗaya matsinta yana tafiya ne tare da zafinta, bisa dokar da ake jingina wa masanin nan na Faransa Gay-Lussac, amma lissafin yana fita ne kawai idan an ƙara bar 1 a kan abin da geji ya nuna, an kuma ƙara 273 a kan digirin zafi. A ce an rufe na'ura da rana geji yana nuna bar 40, zafi digiri 35. Ainihin matsin 41 ne, ainihin zafin 308. Idan aka dawo da safe zafi ya sauka zuwa 25, wato 298, sai a ninka 41 da 298 a raba da 308, a samu kimanin 39.7, a cire ɗayan da aka ƙara, ya rage 38.7. Ke nan allura ta sauka da bar 1.3 ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba, kuma wanda bai yi lissafi ba zai yini yana kwance haɗin da ba shi da laifi. Ɗaya fuskar ta fi muni: wanda ya rufe da sanyin safiya ya dawo da tsakar rana ya tarar allura tana nan daram, ya kamata ya damu, domin ya dace ta hau, rashin hawanta yana nufin wani abu ya fita. Zafin bututun ake aunawa, ba na inuwar da mutum ke tsaye ba, musamman idan wani sashe yana bin rufin da rana ke duka.

Saukar allura tana cewa akwai yoyo, ba ta cewa ga inda yake. Na'urar sunsuna gas ta lantarki ba ta jin naitirojin, tun da iskar da ke kewaye da ita ma galibi naitirojin ce, don haka aka fi dogara da ruwan kumfa da aka yi don wannan aiki, wanda ke manne wa bututu ya ba ƙaramin yoyo lokaci ya tara ƙananan kumfa. Sabulun gida yana bushewa da wuri, wasu kuma suna ɗauke da gishiri ko amoniya masu cin jan ƙarfe da tagulla. A fara da fileya da wuraren walda da ƙwayar bawul ɗin bakin sabis, a leƙa bayan haɗi da madubi. Idan yoyon yana cikin bango ko cikin kwail inda kumfa ba ta kaiwa, akwai cakuɗar naitirojin kashi 95 da haidirojin kashi 5, wadda a wannan gwargwado ba ta kama wuta, kuma akwai na'urar da ke jin haidirojin ɗin. Da yake haidirojin sama take tashi, ta saman haɗi ake bi da na'urar, akasin gas ɗin sanyaya da ke gangarawa ƙasa. Bakin silindar wannan cakuɗa a wasu ƙasashe ya bambanta da na naitirojin zalla, don haka a bincika kafin a saya. Kuma duk abin da aka gano, ba a ɗaure noti ko kai wuta kusa da bututu sai an sauke matsi.

Sauke matsin ma a hankali ake yi, don kada iska ta kwaso mai, kuma zuwa fili ko wuri mai iska. Naitirojin ba guba ba ce, amma ba ta da wari ko launi, kuma tana korar oksijin. Iskar da muke shaƙa tana da kusan kashi 21 na oksijin, abin da ya sauka ƙasa da 19.5 kuwa an ɗauke shi haɗari, kuma mutum yana iya sumewa ba tare da ya ji alamar shaƙewa ba. Ɗakin sanyi da aka rufe ƙofarsa da ƙaramin ɗakin injuna su ne wuraren da wannan ya fi faruwa. Bayan an sauke sai a zuƙe na'ura da famfo har ƙasa da maikiron 500 a ma'aunin zurfin zuƙa. Wasu suna ɗaukar cewa idan na'ura ta riƙe zuƙa ba sai an gwada ta da matsi ba, amma zuƙa komai zurfinta bambancin bar 1 kawai take kawowa, kuma ciki take janyo haɗi, alhali gas waje zai tura shi.

Yawan iskar da za a tafi da ita wurin aiki yana da sauƙin lissafi. Silinda mai lita 10 a bar 200 tana ɗauke da kimanin lita 2,000, na'urar da cikinta ya kai lita 5 kuma tana shan kimanin lita 200 kafin ta kai bar 40. Sai dai silinda ba ta iya tura abin da ya fi nata, saboda haka da zarar gejin farko ya sauko kusa da bar 40, abin da ya rage sai dai a ratsa bututu da shi lokacin walda.

Ita ma regileta tana buƙatar a gwada ta lokaci-lokaci. A rufe bakin fitarta, a kwance mariƙi, a buɗe silinda, a kalli geji na biyu: idan allura ta motsa daga sifili, mazaunin bawul yana yoyo. A saita ta a wani matsi a bar ta minti goma, idan ta ci gaba da hawa, cutar ɗaya ce. A rufe silinda kuma a ga ko gejin farko zai sauka, wanda ke nuna iska tana fita ta noti ko ta gindin geji. Allurar da ba ta komawa sifili bayan an saki iska ta riga ta lanƙwashe. A Birtaniya ƙungiyar masu sana'ar gas ta BCGA tana ba da shawarar a duba regileta duk shekara, a sake ta ko a mayar da ita ga masu sabunta ta bayan shekara biyar, domin robar ciki tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba. Idan an tashi daga aiki a rufe silinda, a saki iskar da ke cikin regileta har geji biyu su koma sifili, a kwance mariƙi don sifirin ya huta, a cire ta a mayar wa silinda hularta kafin a ɗora ta a mota. Wadda aka samu tana rarrafe kuwa ba a kwance ta a wurin aiki don a goge mazauni, ajiye ta ake yi a ɗauko wata.